Tambayoyi da Amsoshi Kan Neman Taimako ga Yara da Iyaye Masu Lalurar Ƙwaƙwalwa a Sakkwato

Shin ƙaramin yaro ma yana iya samun irin wannan lalura?

Ƙwarai kuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a cikin kowane yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa. Sai dai yaro ba kasafai yake faɗin damuwarsa da baki ba. Abin da za a gani shi ne ya daina wasa, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya daɗe da bari, ko yana firgita cikin barci, ko karatunsa ya ja baya. Yaran da aka gudo da su daga yankunan Isa da Sabon Birni saboda hare-haren 'yan bindiga sun ga abin da ko babba ba ya iya mantawa, don haka bai kamata a ɗauki shirunsu a matsayin ladabi ba.

Ina ya kamata a fara zuwa?

A fara da asibitin unguwa ko babban asibitin da ke kusa, domin a fara duba ko akwai wani ciwo na jiki, kamar farfaɗiya ko matsalar ji, wanda ya sauya halin yaron. Idan abin ya fi ƙarfinsu, a nemi takardar turawa zuwa sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko Asibitin Tarayya na Masu Lalurar Ƙwaƙwalwa da ke Kware. Iyaye da yawa suna gudun Kware don kada a ce ɗansu ya haukace, alhali ba duk wanda ya je ake kwantarwa ba. Akwai masu ganin likita su karɓi magani ko shawara, su koma gida a ranar.

To, wanda ba shi da hali fa?

Nan ne gizo ke saƙar, domin kuɗin kati ba shi ne ke karya magidanci ba, kuɗin mota da na maganin wata-wata su ne babban nauyi. A gaya wa likita gaskiyar abin da aljihu zai iya ɗauka tun ranar farko, domin sau da yawa akwai magani mai rahusa da ke yin aiki iri ɗaya, kuma idan jiki ya yi sauƙi yana iya tsawaita lokacin dawowa ga mai zuwa daga nesa. Asibitocin tarayya suna da ofishin jin daɗin jama'a mai duba lamarin marasa ƙarfi. Yana da kyau kuma a tuntuɓi SOCHEMA, hukumar inshorar lafiya ta jiha, a ji abin da tsarinta ya ƙunsa, sannan a miƙa koke ga Hukumar Zakka da Waƙafi. Abin da ya fi damuna shi ne yanke magani da zarar an ga sauƙi, domin ciwon kan dawo, a kashe fiye da abin da aka so adanawa.

Me ya shafi uwa, tunda yaro ne ba shi da lafiya?

Uwar da ba ta barci, ba ta iya cin abinci, ba za ta iya riƙe yaro mai lalura ba. Haka nan mai jegon da ta wuce mako biyu tana yawan kuka, ko ta kasa sakin jiki da jaririnta, tana bukatar a duba ta, ba a yi mata faɗan rashin godiya ba. Ta faɗa wa ma'aikaciyar jinya ranar rigakafin jariri, tunda dama ta riga ta biya kuɗin motar. Idan kuwa uwa ko yaro ya fara zancen kashe kansa, a garzaya asibiti nan take.

Zuwa asibiti ya saɓa wa addu'a da ruƙiyya?

Bai saɓa ba, ana haɗa su. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne duka, ko horon yunwa, ko sanya yaro a mari da sunan magani. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta ba mai lalura 'yancin a kula da shi cikin mutunci ba tare da azabtarwa ba.