Waiwaye: Tun yaushe kwana uku suka zama alƙalin finafinan sarƙaƙiya na Indiya?

Da fim ɗin Merry Christmas na darakta Sriram Raghavan ya fito a Janairun 2024, masu sharhi sun yaba, amma silimomi ba su cika ba. Nan take tsohuwar gardama ta taso: fim ɗin sarƙaƙiya da bincike na harshen Hindi zai iya haɗa inganci da ciniki kuwa? Wasu na cewa 'yan kallo sun lalace, ba sa son komai sai duka da harbi. Wasu na cewa daraktoci ne suka koma yi wa masu sharhi fim, suka manta da talaka. Kowa na magana kamar jiya abin ya soma.

A da babu wannan rabuwa. C.I.D. na 1956 da Jewel Thief na 1967 sun zo da waƙa da rawa, ga labari a ɗaure tamau, kuma sun yi kasuwa. Kanoon na 1960 da Ittefaq na 1969 ko waƙa ɗaya babu a cikinsu, mutane suka kalla. Ma'aunin nasara a lokacin shi ne daɗewa: fim ya yi mako 25 a silima a yi masa biki, ya kai 50 a yi wanda ya fi shi.

Abin da ake yawan tsallakewa shi ne yadda wannan ma'auni ya mutu. A 1997 aka buɗe silima ta farko mai zauruka da yawa a Delhi, daga baya irinta suka bazu a manyan kantunan birane. Zaurukan ƙanana ne, tikitin kuma da tsada. Da farko wannan alheri ne ga ƙananan finafinai, domin wanda ba zai cika zauren mutum dubu ba zai iya cika na ɗari biyu. Sai kuma aka daina yawo da faifan fim daga gari zuwa gari, aka koma tura shi ta na'ura, ya zamana fim ɗaya na iya fita a dubban zauruka rana guda. Daga nan lissafi ya juye. Fim kan fito ranar Juma'a, a ƙirga kuɗin Juma'a da Asabar da Lahadi, idan Litinin ta yi babu alamar ciniki a rage masa lokutan nunawa a ba wani.

A ganina nan ciwon yake. Fim ɗin sarƙaƙiya jarinsa sirri ne. Ba za ka saka abin mamakin ƙarshe a talla ba, sai dai wanda ya kalla ya fito ya ce wa abokinsa, "Je ka gani da idonka, ba zan faɗa maka ba." Wannan magana tana buƙatar makonni kafin ta zagaya gari. Furodusan da ya san kwana uku kawai gare shi dole ya nemi abin da zai ja mutane tun kafin su san labarin: babban jarumi, waƙar da ta riga ta karaɗe wayoyi, faɗan da zai ƙawata talla. Marubuci kuwa sai a ce ya buɗe wa waɗannan wuri, ko da zaren labarin zai saki.

Shekarar 2008 ta nuna hanyoyin biyu ƙarara. Ghajini, mai babban jarumi da waƙa da faɗa, ya zama fim ɗin Hindi na farko da ya tara rupi biliyan ɗaya a cikin gida, wannan adadi kuma ya zama abin da ake auna kowa da shi. A Wednesday, mai ƙaramin jari, ya fara a hankali, bakin mutane ya ɗaga shi. Kahaani na jaruma Vidya Balan a 2012 da Andhadhun a 2018 ma haka suka yi, shi ya sa ban yarda da masu zargin 'yan kallo ba.

Bayan annobar korona, da yawa daga irin waɗannan finafinai sun koma fita kai tsaye a manhajojin kallo na intanet. Drishyam 2 ya cika silimomi tun makon farko a 2022, amma shi ya samu shekara bakwai mutane na ba juna labarin kashi na farko, wanda ya fito a 2015. Sabon labari da ba a san shi ba har yanzu Juma'a zuwa Lahadi ake ba shi.