Shafin intanet na hukumar gwamnati: abin da doka da aiki suke buƙata

Waɗannan tambayoyi ne da daraktocin gudanarwa da jami'an kwamfuta na ma'aikatu da hukumomi a Kaduna kan yi idan za a buɗe sabon shafi ko a farfaɗo da wanda ya mutu.

Dole ne adireshin ya ƙare da .gov.ng? Ai .com ya fi sauƙin samu.

Sauƙin nan shi ne matsalar. Duk mai katin banki zai iya sayen adireshin .com ko .com.ng cikin 'yan mintuna, ya liƙa masa tambarin gwamnati, ya ce ana ɗaukar ma'aikata, a biya kuɗin fom. Shi kuwa .gov.ng ba a ba kowa sai gwamnati. Hukumar NITDA, wadda dokar 2007 ta ba ikon tsara ƙa'idojin fasahar sadarwa, ita ke tantance masu nema. Ana rubuta mata wasiƙa a kan takardar ofis, da sa hannun shugaban hukuma, a ambaci adireshin da ake so da jami'an da za su kula da shi. Gwamnatin Kaduna tana amfani da kdsg.gov.ng, kuma hukumomin jiha kan samu nasu a ƙarƙashinsa, don haka hukumar jiha ta fara tuntuɓar ofishin da ke riƙe da wannan adireshi tukuna. Imel ma haka. Wasiƙar gwamnati da ta fito daga Gmail ko Yahoo tana tafiya da mai akwatin ranar da aka yi masa canjin wurin aiki.

Ɗan kwangila ya gama gina shafin. Me za mu karɓa kafin a biya shi ragowar kuɗinsa?

A nan yawancin shafukan gwamnati suke mutuwa. Abin da aka saba gani shi ne a yi bikin ƙaddamarwa, a biya kuɗi, bayan shekara ɗaya hayar sabar, wato kwamfutar da ake ajiye shafin a kanta, ta ƙare. Saƙon tunatarwa ya tafi imel ɗin ɗan kwangila domin da sunansa aka yi rajista, shi kuma ya canza lamba ko yana bin hukumar bashi. Shafi ya rufe, babu mai kalmar sirri a ofis.

Saboda haka a rubuta a cikin yarjejeniyar kwangila tun farko cewa adireshi, asusun sabar, lambobin manhajar da aka rubuta da rumbun bayanai duk mallakar hukuma ne. Ranar miƙa aiki, jami'in hukuma ya zauna da kansa a gaban kwamfuta, ya shiga kowane asusu, ya canza kalmar sirri, ya mayar da imel ɗin dawo da asusu zuwa na ofis. Kalmomin sirri a rubuce a takarda ba miƙa aiki ba ne sai an gwada su an ga suna buɗewa. A karɓi cikakken kwafin shafin, a kuma gwada ɗora shi a wata kwamfuta. Idan ɗan kwangilar zai ci gaba da gyare-gyare, a buɗe masa asusu nasa daban mai iyakantaccen iko, wanda za a rufe ranar da kwangila ta ƙare. Jami'ai biyu aƙalla su san hanyar shiga, kuma kuɗin sabuntawa na shekara ya shiga kasafin kuɗin yau da kullum. Hukumomi da dama kan sa kuɗin ginawa a kasafin manyan ayyuka su manta cewa haya ake biya duk shekara.

Za mu iya ajiye shafin a sabar da ke Amurka ko Ingila?

Ƙa'idar NITDA ta 2013 kan bunƙasa fasahar cikin gida, wadda aka sabunta a 2019, ta ce a ajiye bayanan gwamnati a cikin Najeriya. Akwai kamfanin Galaxy Backbone na Gwamnatin Tarayya, akwai kamfanoni masu zaman kansu da ke da cibiyoyin bayanai a ƙasar. A tambayi mai ba da haya a rubuce a wane gari na'urar take, domin wasu kamfanonin gida dillalai ne kawai na sabar ƙasashen waje.

Me doka ta tilasta a wallafa?

Sashe na 2 na Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ya ce hukuma ta wallafa wasu bayanai ba sai an roƙa ba: tsarinta da ayyukanta, ƙa'idojin da ma'aikatanta ke bi, bayanan kuɗin da ta karɓa da wanda ta kashe, kwangilolin da ta bayar, da muƙami da adireshin jami'in da ake aika wa buƙatar bayani. Wanda ya nemi bayani sai a amsa masa cikin kwana 7, kuma hana shi ba bisa ƙa'ida ba na jawo tarar naira 500,000. An daɗe ana gardama ko dokar ta hau kan jihohi, har Kotun Ƙoli ta yanke a 2025 cewa ta hau. Kaduna ma tun 2018 ta shiga ƙawancen OGP na gudanar da gwamnati a buɗe.

Hukumomin tarayya da ke da ofis a Kaduna suna da ƙarin nauyi a ƙarƙashin Dokar Sauƙaƙa Kasuwanci da aka sa wa hannu a 2023: su bayyana takardun da ake buƙata, kuɗin kowace hidima da tsawon lokacin da take ɗauka. Wannan ne abin da mai ziyara ya zo nema, amma sau da yawa hoton shugaban hukuma da dogon jawabin maraba ne suka cinye shafin farko.

Muna karɓar suna, lambar waya da NIN ta fom. Akwai sharaɗi?

Akwai. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta shafi gwamnati kamar yadda ta shafi kamfanoni, kuma hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, ce ke sa ido. Kusa da fom a sa sanarwa cikin harshe mai sauƙi: me ake karɓa, don me, wa zai gani, har yaushe za a ajiye. Kada a nemi abin da aikin ba ya buƙata. Fom ɗin ƙorafin toshewar magudanar ruwa ba ya buƙatar BVN. Kuskuren da ya fi yawa ma ba na masu kutse ba ne. Hukuma ce da kanta take ɗora jerin waɗanda suka ci tallafi ko gurbin karatu, da lambobin wayarsu da na asusun bankinsu, a fayil ɗin da kowa zai sauke. Suna da ƙaramar hukuma sun isa.

Burauza tana cewa shafinmu ba shi da tsaro.

Takardar shaidar SSL, wadda ke kare saƙon da ke tafiya tsakanin shafi da mai ziyara, ce babu, ko wa'adinta ya ƙare. Wadda ƙungiyar Let's Encrypt ke bayarwa kyauta ce, wa'adinta gajere ne, don haka a saita ta riƙa sabunta kanta.

An yi mana kutse, tallar caca ta cika shafin. Ta ina za a fara?

A sauke shafin a sa sanarwar gyara, amma kada a goge komai tukuna. A ɗauki kwafinsa yadda yake tare da rajistar shige da fice ta sabar, domin a nan ake gano ƙofar da aka biyo. Sannan a canza duk kalmomin sirri, a dawo da kwafin da aka ajiye kafin kutsen, a sabunta manhaja kafin a sake buɗewa. Wanda ya dawo da kwafi bai toshe ƙofar ba, zai sake ganin cacar nan ba da jimawa ba. A shafukan da aka gina da manhajar WordPress ƙofar galibi tsohuwar ƙaramar manhaja ce da ba a sabunta ba, ko wadda aka sauke ta sata don gudun biyan lasisi.

Akwai agogo biyu da ke tafiya. Dokar Laifukan Intanet ta 2015, bayan gyaran 2024, ta ba da awa 72 a kai rahoto ga ngCERT, cibiyar ƙasa mai kula da kutsen intanet. Idan bayanan mutane sun fita ta yadda za su iya cutuwa, NDPC ma awa 72 ne daga lokacin da aka sani. Kwafin ajiya kuwa, wanda yake zaune a sabar ɗaya da shafin tare suke salwanta. A ajiye ɗaya a wani wuri daban, a riƙa gwada dawo da shi lokaci-lokaci.

Yaya batun makafi da masu ƙananan wayoyi?

Dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, da aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta haramta wariya saboda nakasa, ƙa'idar WCAG ta duniya kan sauƙaƙa wa nakasassu amfani da shafukan intanet kuma ita ce ma'aunin da ake bi a aikace. Kowane hoto ya samu bayani a rubuce. Sanarwar da aka ɗauki hotonta aka ɗora, manhajar da ke karanta wa makaho allo ba ta ganin komai a cikinta, Google ma ba lallai ya nemo ta ba, don haka a buga rubutun kansa. A rage nauyin hotuna, a gwada shafin da waya mai araha a inda sabis ba shi da ƙarfi, kamar yadda mai nema daga Birnin Gwari ko Kauru zai buɗe shi. Idan an yi sashen Hausa, a duba cewa ƙ, ɗ da ɓ suna fitowa daidai. Idan akwatuna ko alamar tambaya suka fito a madadinsu, a duba ko rumbun bayanan yana kan tsarin ajiye haruffa na UTF-8, sannan a canza salon haruffan zuwa wanda ke ɗauke da su.