Waiwaye: Yadda satar sirrin masana'antu ta zama batun tsaron ƙasa a Amurka

Amurka da ke kuka da Sin a yau kan satar fasaha, ita ma ta taɓa yi wa Ingila irin wannan aika-aika. A ƙarni na 18 dokar Birtaniya ta hana ƙwararrun ma'aikatan masaƙa fita ƙasar, ta kuma hana fitar da injinansu. Duk da haka, a 1789 Samuel Slater ya haddace tsarin injinan kaɗin auduga na mai masana'anta Richard Arkwright, ya sulale zuwa Amurka, ya kafa masana'antar kaɗin auduga a garin Pawtucket. A garinsu Belper da ke Ingila maci amana ake ce masa, a Amurka kuwa uban masana'antu.

Shekaru aru-aru bayan nan, doka ba ta ɗauki wannan a matsayin leƙen asiri ba. Lokacin Yaƙin Cacar Baki hankalin hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, na kan Tarayyar Sobiyet da sirrin makamai. Da yaƙin ya zo ƙarshe, sai aka gane ashe har ƙawaye na leƙen kamfanoni: a 1991 Pierre Marion, tsohon shugaban hukumar leƙen asirin Faransa, ya amsa da bakinsa cewa sun yi wa kamfanonin Amurka leƙen asiri. A 1996 Shugaba Clinton ya sa hannu kan dokar da ta mai da satar sirrin kasuwanci laifin tarayya. Wanda ya sata don amfanin wata gwamnati na iya shan ɗaurin shekara 15.

Daga nan ido ya koma kan Sin. A Mayun 2014 Ma'aikatar Shari'a ta tuhumi hafsoshin sojan Sin biyar da kutsen kwamfutocin kamfanonin Westinghouse, US Steel da Alcoa. Babu wanda ya gurfana a kotu, don suna can Shanghai. Obama da Xi Jinping sun yi yarjejeniyar daina irin wannan kutse a 2015, amma ba ta yi ƙarko ba. Abin bai tsaya kan kwamfuta ba ma: an ɗaure wani ɗan Sin shekara uku a 2016 kan satar irin masara daga gonakin gwaji na Iowa. Nasarar da jami'ai suka fi alfahari da ita ita ce ta Xu Yanjun, jami'in leƙen asirin Sin da aka yaudara zuwa Beljiyam a 2018, aka miƙa shi Amurka, aka yanke masa shekara 20 kan yunƙurin satar fasahar injin jirgin sama ta kamfanin GE Aviation.

Inda aka yi azarɓaɓi shi ne shirin China Initiative na 2018, wanda Ma'aikatar Shari'a ta ƙaddamar don farautar masu satar wa Sin fasaha. Maimakon 'yan leƙen asiri, sai aka riƙa kama malaman jami'a kan rashin bayyana alaƙarsu da Sin a takardun neman tallafi. Shari'o'i da dama suka ruguje, har da ta wani farfesa na jami'ar MIT, aka kuma zargi gwamnati da nuna wa 'yan asalin Sin wariya. A Fabrairun 2022 aka rufe shirin.