Waiwaye: Abin da ya sa daidaiton fari da baƙi a Amurka ke tafiyar hawainiya

A majalisun hira na Katsina, duk ranar da rediyo ya ce ɗan sanda ya kashe baƙar fata a Amurka, ba a rasa mai cewa, "Yo ba su suka yi Obama ba? Me kuma suke nema?" Mai wannan tambaya ya manta da maganar gado, alhali ko a Ƙofar Soro aka tare yaro ya san bambancin wanda ubansa ya bar masa gida da gona da wanda aka bar wa bashi.

A 1865 aka haramta bauta a can. A farkon shekarar Janar Sherman, wani kwamandan sojan gwamnatin Amurka a yaƙin basasa, ya yanka wa 'yantattun bayi filaye a gaɓar tekun Kudu, har eka 40 ga kowane gida. Shekarar ba ta ƙare ba sai da Shugaba Andrew Johnson ya sa aka mayar wa tsofaffin iyayengijinsu mafi yawan filayen. Mutane suka fito hannu Rabbana, suka koma noma gonar wani, in an girbe a raba, bashin iri da na abinci ya cinye rabonsu.

A 1896 Kotun Ƙoli ta halatta wariya, ba ta soke ta a makarantun gwamnati ba sai 1954. Nan ma aka yi ta jan ƙafa. Gundumar Prince Edward da ke jihar Bajiniya ta gwammace ta garƙame makarantunta gaba ɗaya daga 1959 zuwa 1964 da ta zaunar da yaran fari da baƙi a aji guda. 'Ya'yan farare aka buɗe musu makarantu masu zaman kansu, na baƙaƙe da yawa suka zauna a gida.

Inda abin ya fi yin illa, a ganina, shi ne gidaje. A shekarun 1930 wata hukumar gwamnati ta zana taswirar birane, ta shafa jan launi a unguwannin baƙaƙe, alamar ba da rance a nan kasada ne. Farare suka samu bashin sayen gida, gidan ya yi daraja, 'ya'ya da jikoki suka gada. Sai a 1968 doka ta hana wariya wajen sayarwa da hayar gida, lokacin an riga an yi wa baƙaƙe fintinkau. Ƙididdigar Babban Bankin Amurka ta 2022 ta nuna matsakaicin gidan farar fata na da dukiyar dala 285,000, na baƙar fata kusan 45,000.

Mu ma dai kada mu cika baki. Sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a dokar Arewa, kuma har gobe akwai gidajen da, in aka zo neman aure, sai an tura dattijo a ɓoye ya binciko ko kakan yaron ɗa ne ko bawa.