Ajiye jirgin ruwa a kan kantar ajiya: amsar tambayoyin da na gaji da ji

Tun da hoton nan ya fara yawo a wayoyi, wanda ake ganin jiragen ruwa masu inji jere hawa-hawa cikin wani ƙaton sito, ban huta ba. Masu jirage na Lagdo da Garwa, har da na Kuseri, duk a arewacin Kamaru, tambayoyinsu iri ɗaya ne. Ga amsa wuri guda, don Allah a karanta kafin a sake kira na.

Da gaske ne, ko haɗin kwamfuta ne?

Da gaske ne. A tashoshin ƙananan jiragen ruwa na Amurka, musamman jihar Florida, abu ne da aka saba. Dogon gini ne na ƙarfe, an kafa kantoci a ciki hawa uku ko huɗu, wani wurin ya fi haka, kowane jirgi da gurbinsa.

Wa ke kai jirgin can sama?

Mota ce ta ɗaga kaya mai dogayen hannuwa biyu. Tana iya sauke hannuwan ƙasa da gaɓa har cikin ruwa, ta tallabo jirgi daga ƙasansa. Mai jirgi ya kira ya ce yana tafe, a sauko masa da shi. In ya dawo a wanke, a mayar. Haya yake biya, gwargwadon tsawon jirgin.

Akwai irinsa a Lagdo?

Babu.

Me ya hana su barin jirgi cikin ruwa kamar kowa?

Yawancinsu ruwan gishiri suke shiga, shi kuwa yana cin ƙarfe, ga ƙananan halittun teku da ke mannewa a ƙasan jirgi. Jirgin fiba ma, wato wanda aka ƙera da zaren gilashi da danƙo, in ya daɗe a ruwa yakan yi bororo a ƙasansa. Sannan fili a bakin teku tsada gare shi, gara a tara jirage sama da a baza su. Mu ruwanmu na daɗi ne, gansakuka ce damuwarmu a ƙasa. Babbar abokiyar gabarmu rana ce, sai ɓarawon inji.

Zan iya sa maƙeri ya haɗa mini tawa kantar?

Hawa ɗaya, ƙwarai, kuma ina ba da shawarar haka ga mai jirgin fiba ko na alminiyum. Hawa biyu, sai ka fara gaya mini da me za ka ɗaga na saman. Kada ka ce mini samari goma. Jirgi ya suɓuce daga tsayin mutum ba shi kaɗai zai karye ba.

Abu biyu nake so ka riƙe. Nauyin jirgi ya zauna a kan dogayen katakai biyu da suka bi tsawonsa, an naɗe su da tsohon buhu ko roba, ba a kan bututu ɗaya da ya gitta shi ba, don nan ne fiba ke lotsawa. Na biyu, wurin da za ka kafa kantar da rumfarta. Ruwan Lagdo yana janyewa da rani, sai mutum ya ga busasshen fili kusa da gaɓa ya ce ya samu. Tun 1982 da aka gama madatsar ruwan Lagdo, ruwan nan tafiya yake yana dawowa. Tambayi dattawan wurin inda ya kai a 2012, ka yi gininka sama da nan. Mutanen bakin kogunan Logon da Shari kuwa, ambaliyar 2022 ba ta yi nisan da za a manta ba.

Dorina fa?

Ba ta hawa kanta. Wuce gaba.

Jirgina na katako ne. In fitar da shi da rani in ɗora, ko in bar shi a ruwa?

To, wannan ce tambayar da ta cancanci zama, kuma amsarta ba ɗaya ba ce. Duk jiragen da kuka gani a hoton nan na fiba ne ko alminiyum. Su bushewa ba ta dame su ba. Katako kuwa da ruwa yake rayuwa: in ya jiƙa sai ya kumbura, allunan su matse juna, yoyo ya tsaya. In ya bushe sai ya tsuke, gaɓoɓin su buɗe, abin da aka cusa a tsakani ya saki. Ka ɗora shi a kanta daga Janairu zuwa Afrilu, iskar hunturu ta busa shi, zafin Maris da ke wuce digiri 40 ya biyo baya, ran da ka mayar da shi ruwa za ka ga ya zama rariya.

Ke nan a bar shi a ruwa? Ba lallai ba. Ya danganta da inda kake. Mai jirgi a tafkin Lagdo, inda ruwa ke nan duk shekara, in yana fita da shi ko da jefi-jefi, ni dai barinsa a ruwa ya fi mini, muddin akwai mai kwashe masa ruwa da duba igiya. Amma a Garwa kogin Binuwai kan koma yashi da kwararo-kwararo da rani, jirgi sai ya tsinci kansa rabi a laka rabi a rana. Wannan ya fi duka muni, domin gefe ɗaya na ruɓewa, ɗayan na tsagewa. A nan gara a fitar.

In za a fitar, a sa shi a inuwa, a ɗaga shi daga ƙasa saboda gara, a tare shi daga bugun iska kai tsaye. Wasu sukan shimfiɗa jiƙaƙƙun buhuna a ciki suna yayyafa ruwa. Yana taimakawa in za a dage, in kuwa za a yi sati ɗaya a watsar, bai da amfani. Ruwa ya kwanta a ciki wuri ɗaya ma ruɓa yake kawowa, don haka ba cika shi na ce a yi ba.

Akwai kuma wanda aka lulluɓe katakonsa da fiba. Shi ya fi rikitarwa. In lulluɓin lafiya lau yake, ba tsaga, zai iya jure kanta. In ya riga ya fashe ruwa ya shiga tsakani, bushewa za ta iya raba fibar da katakon. Ƙwanƙwasa shi da bayan wuƙa, inda ka ji sauti kamar fanko, nan ya rabu, sai a gyara kafin a yi maganar ajiya.

Ran mayarwa kuma kada a loda kaya a kama hanya. A sa shi a ruwa marar zurfi, ba inji, a bar shi ya sha ya kumbura ana kwashewa. Wani kwana biyu ya ishe shi, wani ya fi. In yoyon ya ƙi raguwa, kira mai gyara ya sake cusa gaɓoɓin. Kada ranka ya ɓaci don ka ga ruwa ranar farko, haka katako yake.

In bar fetur a ciki?

Jarka da tankin hannu, fitar da su daga rumfar gaba ɗaya. A Amurka ma wuta ce abin da suka fi tsoro, shi ya sa galibi ba a yarda mai jirgi ya yi gyara a kan kanta ba, kuma ana kashe batir. Ku kuwa sai in tarar da zuwa-zuwa, fetur ɗin bumburutu, a kwalabe ƙarƙashin jirgi, yaro na dafa shayi gefe. Haba jama'a! Fetur ɗin da ke cikin kabireta ma a tsiyaye shi, in ya kwana watanni yakan zama danƙo ya toshe komai.

Zan iya tayar da inji a kan kanta don kada ya kwanta?

A'a. Robar da ke jawo ruwan sanyaya inji ba ta jure juyawa a bushe, nan da nan take ƙonewa. Ko Yamaha ce sabuwa dal. In dole ne, tsoma ƙafar injin cikin duro mai ruwa.

Tamfol bai isa ba?

Ya fi babu. Amma kada ka naɗe jirgi ruf, iska na bukatar hanya. Ka kuma cire toshiyar ramin fitar ruwa na baya, ka ɗan ɗaga gaban jirgin. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ruwan sama ɗaya na Agusta zai iya tara nauyin da kantarka ba ta san da shi ba.

Na sauke jirgi, na tayar da inji, ruwa ba ya tsartowa ta ƙaramin ramin nan da ke nuna ruwan sanyaya inji na zagayawa. Inji ya mutu ke nan?

Kwantar da hankalinka, Alhaji, amma kashe shi tukuna. Sau da yawa zanzaro ne ya yi gininsa na laka a ramin. Zura siririn zaren kamun kifi mai tauri ka buɗe, ka sake gwadawa. In har yanzu shiru, robar ce, a canza ta. Nan gaba ka liƙe ramin da ɗan salatif kafin ka ajiye, ka ɗaura tsumma a hannun inji don ka tuna cirewa.