Waiwaye: Yadda Sujadar Dole Ta Kau Daga Kwalejoji

A tsofaffin kwalejojin Oxford da Cambridge na Ingila, ƙararrawar majami'a ce ke tayar da ɗalibi daga barci, ita ce kuma ke rufe masa yini. Sarki Henry na Shida ya kafa King's College ta Cambridge a 1441, kuma an shafe kusan shekara 70 ana ginin majami'arta. A wancan zamani karatu da ibada tafiyarsu ɗaya. Haka Harvard ta Amurka, wadda aka kafa a 1636, babban burin waɗanda suka assasa ta shi ne kada coci-coci su rasa limamai masu ilimi.

Sai dai tsarin yana da nasa zalunci. Wanda ba ɗan Cocin Ingila ba ne, ko Katolika ko Bayahude, ƙofofi da yawa a rufe suke gare shi. Wannan na cikin dalilan kafa University College a Landan a 1826, ba majami'a, ba a tambayar kowa addininsa. Sai a 1871 majalisar dokoki ta soke sharaɗin addini a Oxford da Cambridge da Durham, ban da fannin tauhidi.

A Amurka rigimar ta fi karkata ga halartar sujada, wato ibadar coci, dole. Harvard ta janye dokar a 1886, zamanin shugabanta Charles Eliot. Yale ta bi sahu a 1926, Princeton kuwa sai 1964. A 1972 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta hana makarantun horar da hafsoshin soja tilasta wa ɗalibai zuwa coci.

Ni dai ina ganin an yi daidai. Ibadar da ake yi don tsoron rajistar suna ba ta kai zuci. Amma akwai abin da ya tafi tare da dokar, kuma yana damuna: lokaci guda da malami da ɗalibi, babba da yaro, za su zauna wuri ɗaya ana maganar gaskiya da amana da mutuwa, ba maganar jarrabawa ba. Har yau kwalejoji na laluben abin da zai cike gurbin.

Gine-ginen kam suna nan, sai dai masu shiga sun sauya. Jami'ar Georgetown ta Katolika ta ɗauki limamin Musulmi na cikakken lokaci a 1999. A Harvard kuma ana ci gaba da gajeriyar addu'ar safe a lokacin zangon karatu, ga duk wanda ya ga damar zuwa.