Fom ɗin da ake baku a sashen ƙashi, don Allah ku daina cike shi da kara

Jama'a masu zuwa asibitin ƙashi da wajen gashin ƙashi, ina da magana daku. Mu Hausawa ko mutum ƙafarsa na neman kashe shi in ka ce ya jiki zai ce maka da sauƙi, toh wannan a gaisuwa yayi daidai amma in aka miƙo maka fom ɗin nan mai tambayoyi ba gaisawa muke ba.

Hoto yana nuna mana ƙashi ya haɗe ko ƙarfen da aka sa yana zaune daram, amma baya gaya mana ko kina iya durƙusawa ki yi sujada ki miƙe, ko ciwon na tada ki cikin dare. Ke kaɗai kika san wannan. Akwai fom na gwiwa da aka yi a Oxford a 1998, tambaya 12 ne kacal akan sati 4 da suka wuce, maki 0 zuwa 48, kuma cikinsu har da hawa mota da sauka, da zuwa cefane. A Ingila tun 2009 duk wanda za'a canja wa gwiwa ko ƙugu a asibitin gwamnati ana bashi irin wannan fom ɗin ya cike kafin tiyata, a sake bashi bayan wata 6 a gwada. Na ciwon baya kuma, Oswestry, masu bincike a Kano sun mayar dashi Hausa, kenan ba uzurin turanci.

In ka rubuta komai lafiya ranar farko saboda kunyar likita, da me zamu auna wata uku masu zuwa? Sai muga maki bai motsa ba mu ɗauka atisayen baya aiki alhali kai ka ɓoye mana inda ka faro.

Yan ƙwallo ku kuma naku daban ne, kuna rage ciwon da gangan don a sallame ku ku koma fili, gwiwar da jijiyarta ta tsinke bata san ana gasa ba wallahi, sake ballewa zata yi.

Wanda baya karatu ya ce ma'aikaci ya karanta masa, amma amsar tasa ce. Ɗan rakiya kayi haƙuri ka bar Baba ya faɗa da bakinsa. Akwai tambaya akan kwanciyar aure a fom ɗin ciwon bayan, in tayi maka nauyi ka tsallake ta kawai, ana iya lissafa makin ba ita.